Maigida ya samu aiki a Texas, ni kuma ga ƙaramin ciki

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana. Muna zaune a jihar Michigan ta Amurka, sai maigida ya samu aiki mai tsoka a Houston da ke jihar Texas. Ni kuma ina da ciki wata biyu. Abin da ya tayar min da hankali, cikina na baya faya ta fashe yana wata huɗu da rabi, zazzaɓi ya rufe ni, likitoci suka ce cuta ta shiga mahaifa, dole aka cire. Allah ya sani haihuwar nake nema ido rufe. Amma ana cewa a Texas likita ba ya taɓa mace sai ta kusa mutuwa. Maigida ya ce zuzutawar 'yan jarida ce. In bi shi ko in tsaya in haihu a nan?

Maman Walid: Allah ya raba lafiya ƙanwata. Ki gaya wa maigida maganar tana da tushe. Tun 1973 Kotun Ƙolin Amurka ta ce kundin tsarin mulkin ƙasa ya ba mace 'yancin zubar da ciki, sai a watan Yunin 2022 ta soke hukuncin, ta mayar da maganar hannun jihohi. Ku a Michigan, a Nuwamban shekarar aka kaɗa ƙuri'a aka sa kariyar cikin kundin jiharku, shi ya sa likitanki ba ya ɗari-ɗari. Texas kuwa ta haramta tun daga shigar ciki, sai idan ran uwa ko wata babbar gaɓa ta jikinta na cikin haɗari.

Anti Nas: Ni a Texas nake aikin jinya, bari in yi miki dalla-dalla. Dokar ba ta hukunta mai ciki, likita take bi: ɗauri har na rai da rai, tarar da ba ta gaza dala 100,000 ba, ga ƙwace lasisi. To wa zai yi gaggawa? Irin matsalarki ce ta samu Amanda Zurawski a 2022, faya ta fashe a mako na 18, aka jira har cuta ta shiga jininta kafin a cire. Ta kai ƙara tare da wasu mata, Kotun Ƙolin jihar ba ta ba su gaskiya ba a 2024. Amma an ɗan gyara. A 2023 an ba likitoci kariya kan fashewar faya da wuri da cikin da ya zauna a wajen mahaifa, a 2025 kuma aka yi dokar da ta fayyace cewa ba sai mutuwa ta zo gab za a ceci uwa ba. A rubuce dai haka ne. A aikace, asibiti ya bambanta da asibiti, wasu har yanzu sai sun ji ta bakin lauya.

Hajiya Babba: Ke dai ki bi mijinki 'yata, rai na hannun Allah. Mata nawa ke haihuwa lafiya a Houston kullum?

Ummu Sumayya: Gaskiya ne Hajiya, amma ita tana da tarihi, kuma addini bai hana neman sababi ba. Malamanmu na Malikiyya sun fi kowa tsanantawa a kan zubar da ciki, duk da haka idan likitoci amintattu suka tabbatar ran uwa na cikin haɗari, ita ake fara ceta. Kada ta ɗora wa kanta laifin abin da ya wuce.

Anti Nas: Abin yi yanzu, ki karɓi takardun asibitinki na wancan cikin, ki nemi likitan da ya ƙware a kan juna biyu mai haɗari a Houston tun kafin ku ɗaure kaya. Ki tambaye shi kai tsaye: idan faya ta fashe a mako na 18 kuma zuciyar ɗan tana bugawa, me asibitinku ke yi, kuma wa ke yanke shawara? Ku shiga tare da maigida ya ji da kunnensa. In ya fara kame-kame, ki yi zamanki a Michigan har ki sauka, in dai inshorar sabon aikin za ta biya a can. Wannan ma ku bincika kafin ya ajiye tsohon aikin.