Na gama shan maganin H. pylori, amma zafin cikin ya dawo

Assalamu alaikum. Likitoci da waɗanda suka taɓa fama da wannan ciwo, don Allah ku ba ni shawara.

Wata huɗu ke nan ƙahon zuciyata yana zafi kamar an zuba garwashi, musamman wajen ƙarfe biyun dare, ga kumburin ciki da yawan gyatsa. Aka gwada bayan gidana aka ga ƙwayar cutar H. pylori, likita ya ce ita ta kumbura bangon tumbina. Ya rubuta mini omeprazole, mai rage asid ɗin ciki, da magungunan kashe ƙwayar cuta amoxicillin da clarithromycin na kwana 14. Na sha safe da yamma, ban tsallake ko sau ɗaya ba, duk da ɗacin da ya hana ni jin daɗin ko da kunu. Na bar yaji da goro da maganin ciwon jiki irin su ibuprofen.

Sati uku na samu sauƙi, yanzu ciwon ya dawo.

An ce sai an yi sati huɗu da gama magani a sake gwaji, kuma a dakatar da omeprazole sati biyu kafin nan. To, da me zan lallaɓa zafin a tsakani? Idan ƙwayar ta bijire wa clarithromycin, wane haɗi ake komawa? Mai ɗakina da yarana, da muke ci a kwano ɗaya, su ma a gwada su?