Ƙarar masu hannun jari kan Spirit AeroSystems: wanda ya saya daga Abuja yana da haƙƙi?

Baban Kubwa:
Assalamu alaikum. Ƙanina ya sayi hannun jarin Spirit AeroSystems ta manhajar waya a 2022, farashi ya rushe a 2023. Yanzu an turo masa saƙo cewa masu hannun jari sun kai kamfanin ƙara a Amurka. Ɗan Najeriya yana ciki? Sai ya ɗauki lauya ne?

Injiniya Garki:
Wa alaikumus salam, Alhaji. A fara sanin tushen rigimar. Spirit, da ke Wichita a jihar Kansas, shi ke ƙera wa Boeing gangar jikin jirgin 737 a lokacin. A Afrilun 2023 aka bayyana cewa biyu daga cikin ƙarafa takwas da ke riƙe da jelar jirgin ba a ɗaura su bisa ƙa'ida ba. A Agusta kuma aka gano ramukan ƙusa a bangon baya, wanda ke tare matsin iskar cikin jirgi, an huda su sun yi tsawo maimakon zagaye. Irin wannan rami ƙusa ba ta cika shi, da yawan tashi da sauka tsagewa na iya farawa daga bakinsa. Dole aka tsaya dubawa da gyara, isar da jirage ya yi jinkiri, kuɗin shigar kamfanin ya taɓu.

Barista Wuse:
Kuskuren masana'anta shi kaɗai ba zamba ba ne. A ƙarƙashin sashe na 10(b) na dokar cinikin hannun jari ta Amurka ta 1934, sai masu ƙara sun nuna shugabanni sun faɗi ƙarya ko sun ɓoye abu mai muhimmanci, da saninsu ko da mummunan ganganci, kuma fitowar gaskiyar ce ta karya farashin. Maganar sani nan ce ke kayar da yawancin ƙararraki. Wata dokar Amurka ta 1995 ta ce tun a takardar ƙara a kawo hujjoji dalla-dalla, kuma ba a tilasta wa kamfani fito da takardunsa sai alƙali ya ƙi korar ƙarar. Shi ya sa lauyoyi ke dogara da tsofaffin ma'aikata. An taɓa korar wata ƙara kan Spirit ɗin a kan rashin hujjar sanin shugabanni, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2023.

Batun ƙasa kuwa, Kotun Ƙolin Amurka a shari'ar Morrison ta 2010 ta ce inda aka yi cinikin ake dubawa. In an saya a kasuwar New York, to yana ciki muddin ranar sayensa ta faɗa cikin wa'adin da ƙarar ta ƙayyade. Ba ya buƙatar lauya, domin ƙarar a madadin duk waɗanda suka saya cikin wa'adin ake shigar da ita. SEC ɗinmu na Abuja, wato hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Najeriya, ba ta da hurumin wannan shari'a.

Hajiya Dillaliya:
Na ƙara kan na Barista. Kuɗi ba sa zuwa da kansu. In an yi sulhu, sai ya cika fom ɗin neman diyya kafin ranar rufewa, ya haɗa da takardar shaidar kowane ciniki: rana, yawan hannun jari, farashi, na saye da na sayarwa duka. Hoton allon waya ba ya wadatarwa, ya nemi cikakken bayanin asusu daga manhajar. Ya kuma tambaye su ko dillalinsu na Amurka zai shigar a madadinsa, domin hannun jarin yawanci da sunan dillalin yake a rajista.

Wanda ya sayar kafin labarin ya fito galibi ba ya samun komai. Faɗuwar farashin da ta biyo bayan ɓallewar murfin ƙofar jirgin 737 na Alaska Airlines ranar 5 ga Janairun 2024 ma ba za a lissafa ba idan tana wajen wa'adin. Lauyoyi daga kuɗin sulhun ake biyansu, da amincewar alƙali, saura a raba gwargwadon asara, kuma yakan gaza asarar nesa ba kusa ba. Don Allah, Alhaji, duk wanda ya ce ya turo kuɗin rajista kafin a biya shi, ɗan damfara ne.