Zanen birebe bai nuna yadda rulma ke zama ba, wai takardar ta tashi banza?

Maƙerin_Adar:
Salamu alaikum jama'a. Yayana na da atiliye nan Tawa, injin niƙa yake ƙerawa, ya ƙirƙiro wani gidan rulma (zoben ƙarfe mai ƙwallaye da sandar inji ke juyawa cikinshi) da gari da ƙura ba su shiga ciki, kun dai san yadda ƙurar hunturu ke cinye muna rulma, kwana kaɗan ta hwara kuka. Ya yi birebe, wato takardar da ke hana wani kwaikwayon abin da ka ƙirƙiro, a OAPI, hukumar wasu ƙasashen Afirka mai ba da ita, ya kashe kuɗi ba kaɗan ba, yanzu wani ya kwaikwaya yana saidawa, da anka yi mai magana sai lauyanshi ya ce wai zanen bai nuna komi ba, rulmar kamar ɗan akwati anka zana ta. To haka kawai shi kenan?

Injiniya_Yamai:
Wa alaikum salam maigida. Ba zane kaɗai ake dubawa ba, har da rubutun. Dokar OAPI, wato yarjejeniyar Bangi ta 1977, abin da take nema shi ne bayani ya fito fili yadda wanda ya san sana'ar zai iya ƙera abin. Ita rulma ai tsohuwa ce, mai daidaita kanta ma tun 1907 Sven Wingquist ya yi ta a Suwidin. In ka rubuta lambar rulma 6205 kowane makaniki a kasuwar Katako ta Yamai ya san milimita 25 ce ciki, 52 waje, ba sai ka zana mai ƙwallayen ba. Sabon abin yayanka murfin ne da robar, su mi anka rubuta a kansu?

Maƙerin_Adar:
An ce roba mai tare ƙura, amma ratar da ke tsakanin murfi da sandar ba a sa lamba ba, sai dai a auna bisa zanen.

Injiniya_Yamai:
Kash, nan ne lauyan zai kama ku. A Turai da Amurka ba a yarda da awon da mutum ya ɗauko da rula daga irin wannan zane, don ba bisa ma'auni ake yin shi ba, kuma bayan an ajiye dosiye ba a ƙara sabon abu. In kowace ƙaramar rata na aiki kuna da magana, in ko sirrin duka cikin ratar yake, to akwai aiki. Ku ba wani maƙeri da bai taɓa ganin injin ba takardar, ku ga ko zai ƙera.

Hajiya_Mai_Niƙa:
Ni dai ɗana ku duba ko yayanka yana biyan kuɗin shekara-shekara, birebe shekara 20 ne amma in ba a biya ba mutuwa yake. Kuma ƙasashen OAPI 17 ne, ba Najeriya ciki, in a Sakkwato ake ƙerawa ana saidawa can ba ku da ta cewa sai ya ƙetaro Ƙonni.