Wai Warren MacKenzie maginin talakawa ne?

Sani Mai Randa: Yau raina a ɓace yake. Wani ya taya randar da na gina, kuɗin ko itacen gashi ba za su saya ba, wai ai laka ce. Ku dubi Warren MacKenzie, maginin tukwane na Amurka da ya rasu a 2018. A wurin Bernard Leach, wani shahararren maginin tukwane, ya koyi aiki a garin St Ives na Ingila, ya dawo ya koyar a Jami'ar Minnesota daga 1953 zuwa 1990. Kwanukan cin abinci da butocin shayi yake ginawa, yana sayarwa da araha a gidansa da ke garin Stillwater, babu mai tsaron shago, ka ɗauka ka ajiye kuɗi. Maginin talakawa ke nan, kuma mutanensa sun daraja shi. Mu fa?

Malam Habu: Talakawa? Haba Sani. Farfesa ne mai albashi duk wata, dole ya yi araha.

Sani Mai Randa: Malam, ban ce shi talaka ba ne. Don talakawa yake yi.

Hajiya Binta: Wane talakan? Dillalai ne suka riƙa kwashewa suna tsawwala kuɗi. Har daina buga tambarinsa a jikin kayan ya yi a wani lokaci, don kada a sayi suna a bar kwano.

Malam Habu: Yauwa Hajiya. Talakan Amurka da mota yake zuwa sayen kwano.

Usman Suleja: Ku bar wani Bature can. Michael Cardew ma ɗalibin Leach ne, a garinmu ya buɗe makarantar ginin tukwane, can shahararriyar maginiyar tukwane Ladi Kwali ta yi aiki. Ga hotonta a naira ashirin.

Aminu: A Abuja dai, yallaɓai.

Usman Suleja: Abujar wancan lokacin ita ce Suleja, yaro. Tambayi manya.

Aminu: Kuma ba 'yar garinku ba ce, Gbagyi ce daga Kwali.

Usman Suleja: Wa ya ce ba haka ba? Amma ina ta yi suna?

Hajiya Binta: Da can mata ke gini, sai da kuɗi suka shigo maza suka taso.

Sani Mai Randa: Jama'a, maganar randata fa?

Malam Habu: Bari in taƙaita. Kowa ya yarda mutumin ya ƙware, amma albashin jami'a ne ya riƙe shi, ba ciniki ba, kamar yadda na faɗa tun farko. Sani, ka ƙara wa randarka kuɗi.

Hajiya Binta: Ni ban yarda da komai ba, Malam.