Har Yaushe, Ya Ubangiji? Musayar Waƙa Kan Jira da Bangaskiya

Ƙanwa ta buɗe:

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku, iyayena da yayyena. Shekara 3 ke nan mahaifiyata tana kwance, ni kuma na ajiye karatuna domin in yi jinyarta. Abin da bakina ya kasa faɗa a taron addu'a shi ne na zuba a waɗannan baitoci, ina kuma roƙon duk wanda zai amsa ya amsa mini da waƙa.

Da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki na fara,
Domin ban san wata ƙofa da zan ƙwanƙwasa ba.

Shekara 3 ina durƙuso a gefen gadon Inna,
Ina roƙon waraka, har yau ban ga sauƙi ba.

Na yi azumi har jikina ya yi rauni,
Na yi kukan dare wanda ko maƙwabta ba su ji ba.

Tsarana sun gama karatu, sun kama aiki,
Ni kuwa littafina ban sake buɗe shi ba.

Sau 4 Dauda ya ce "har yaushe" a Zabura ta 13,
Nawa ya wuce ƙirga, kuma ban daina ba.

Ban yi musun Allah ba, tambaya ce nake yi,
Shin ya ji ne ya yi shiru, ko kuwa bai ji ba?

Ku gaya mini, yayyena, ko akwai amfani
A jiran da mai yinsa bai san ƙarshensa ba.

Yaya ya amsa:

Sannu, ƙanwata, Ubangiji ya ba Inna sauƙi. Ga abin da na samu, ki karɓa da haƙuri.

Ƙanwata, na ji kukanki, ya ratsa ni,
Na rasa barci saboda yadda ya dame ni,
Sai labarin Yusufu ya zo ya tashe ni,
Na ɗauko Littafin Farawa na karanta.

Yana da shekara 17 'yan'uwansa suka kama shi,
Suka tuɓe masa riga, a rijiya suka jefa shi,
Azurfa 20 ne kuɗin da suka sayar da shi,
Ayarin Isma'ilawa ya kai shi Masar bauta.

A gidan Fotifar ya yi aiki da aminci,
Matar gidan ta ƙulla masa sharri da zalunci,
Aka kai shi kurkuku, ya zauna cikin ƙunci,
Bai kuwa saki gaskiya ba domin ya huta.

Ya fassara wa mai shayar da Fir'auna mafarki,
Ya roƙe shi ya tuna da shi a gaban sarki,
Mutumin ya koma fada, ya ci gaba da aiki,
Shekara 2 cur ya yi, da Yusufu ya manta.

Yana da 30 aka tsai da shi gaban Fir'auna,
Shekara 13 ke nan tun da ya bar Kan'ana,
Wanda ya riƙe gida da kurkuku bisa amana,
Shi aka danƙa wa Masar da dukan hatsinta.

Allah bai ɓata rana ɗaya a shekarun nan ba,
Bai kuma bar bawansa cikin ramin nan ba,
Ke ma ba zai bar ki a bakin gadon nan ba,
Ki ƙara haƙuri, ranarki tana tafe, ƙanwata.

Ƙanwa ta mayar:

Na gode, Yaya, na san da ƙauna ka rubuta. Amma ka yi mini haƙuri in faɗi abin da ke raina, domin idan na ɓoye shi a nan babu inda zan faɗe shi.

Labarin Yusufu na san shi tun ina ƙarama,
Sai dai Yusufu a rijiya bai san da fada ba.

Kai kana karantawa, kana ganin sura ta gaba,
Ni ina tsakiyar tawa, ban ga mai bi mata ba.

Likita ya gaya mini gaskiya cikin tausayi,
Cewa a saninsu wannan ciwo ba zai warke ba.

In Inna ba ta tashi ba, me zan yi da Yusufu?
Ko alkawarin na waɗansu ne, ba nawa ba?

Yohanna Mai Baftisma shi ma ya shiga kurkuku,
Shi kuwa Hirudus bai sake shi da rai ba.

Wata uwa ta shiga:

'Yata, kafin dattawa su amsa babbar tambayarki, ni ina da ƙarama: yaushe rabonki da cikakken barci? Na yi jinyar maigidana shekara 6 kafin Ubangiji ya kira shi, saboda haka na gane muryar gajiya a baitocinki, domin na taɓa yin magana da irinta.

Iliya ya tsaya shi kaɗai a Dutsen Karmel,
Annabawan Ba'al 450 suna ta ihu da rawa.

Wuta ta sauko, ruwa ya sauko bayan dogon fari,
Amma saƙon barazanar sarauniya Yezebel guda ya sa shi tserewa.

Ya bar baransa a Biyasheba, ya nausa jeji,
Ya zauna a gindin itace yana roƙon mutuwa.

Ki lura, 'yata, da abin da Allah ya fara yi,
Bai fara masa da wa'azi ba ko tsawatawa.

Mala'ika ya taɓa shi, ga gurasa, ga tulun ruwa,
Ya ci, ya sha, aka bar shi ya sake kwantawa.

Karo na 2 aka tashe shi, don tafiyar ta fi ƙarfinsa,
Da ƙarfin abincin nan ya yi kwana 40 yana takawa.

A Horeb iska ta farfasa duwatsu, ƙasa ta girgiza,
Wuta ta biyo baya, Ubangiji ba ya cikinsu kuwa.

Sai wata siririyar murya ta zo a hankali,
Irin wadda gajiyayyen kunne yakan sha wuyar jiyowa.

Ya ce shi kaɗai ya rage, aka ce akwai 7,000,
Aka kuma nuna masa Elisha da zai riƙa taimakawa.

Shirun da kike ji, wani sashensa gajiya ce,
Ni ma na kira shi shirun Allah kafin in kai ga ganewa.

Ki bar mu mata mu karɓe ki kwana 2 a mako,
Karɓar taimako ba ya rage bangaskiyar kowa.

Dattijo ya amsa:

'Yata, tambayarki game da Yohanna Mai Baftisma tana kan hanya, kuma ba zan kauce mata ba. Ɗana ya faɗi gaskiya a kan Yusufu, sai dai Littafi Mai Tsarki bai yi wa kowane mai bi alkawarin irin ƙarshen Yusufu a wannan duniya ba, kuma mu da muke koyarwa muna da laifi idan muka bar ku kuna zaton haka har ranar da ciwo ya shigo gida.

Yohanna daga kurkuku almajirai 2 ya aika,
Su tambayi Yesu, domin ya shiga shakka,
Yesu bai ce masa kaito, ina bangaskiyarka,
Ya ce cikin haihuwar mata ba wanda ya fi shi ko ɗaya.

Samari 3 sun tsaya gaban sarki a Babila,
Ya ce su yi wa gunki sujada ko su sha wahala,
Suka ce Allahnmu yana iya ceto, ba wataƙila,
Ko bai cece mu ba kuwa, ga gunkinka mun juya baya.

Sun faɗi haka tun ba su san yadda za ta kaya ba,
Ba su ga na huɗun da zai tsaya da su a wuta ba,
Ba su ɗaura wa biyayyarsu sharaɗin ceto ba,
A bakinsu na fara gane ma'anar bangaskiya.

Ibraniyawa sura 11 ta jera su ba bambanci,
Waɗansu sun rufe bakin zakoki, sun fita daga ƙunci,
Waɗansu an jajjefe su, an tsaga su da zarto bisa zalunci,
Duka biyun an yaba musu da bangaskiya iri ɗaya.

Sau 5 Bulus ya sha bulala, 40 ba ɗaya kowane karo,
Sau 3 jirgi ya fashe da shi, an jajjefe shi gaban taro,
Amma abin da ya kai shi roƙo sau 3, ya zame masa horo,
Shi ne abin da ke jikinsa, wanda ya kira ƙaya.

Ya roƙa a cire ta, amsar ba ta cirewa ba ce,
Alherina ya ishe ka, haka Ubangiji ya ce,
Ikonsa cikin rauni yake cika, wannan gaskiya ce,
Da ƙayar nan a jikinsa Bulus ya ci gaba da tafiya.

Ki buɗe Zabura ta 88, Heman ne ya rera ta,
Da kuka ya fara, da duhu kuma ya rufe ta,
Allah bai cire ta daga Littafinsa ba, ya ajiye ta,
Domin mai makoki ya yi addu'a ba tare da kunya ba, 
Ya san kukansa ma addu'a ce a gaban Mai iko da duniya.

Ubangijinmu da kansa a Getsamani ya durƙusa,
Sau 3 ya roƙi Uba ya ɗauke ƙoƙon daga kansa,
Ba a ɗauke ba, sai mala'ika ya bayyana a kusa,
Ya ƙarfafa shi, ya nufi gicciye ba gudu ba ja da baya.

Ba ni da ikon yi miki alkawarin warakarta,
Za mu ci gaba da roƙo dare da rana dominta,
Amma wanda ya yi hawaye a garin Maryamu da Marta,
Yana ɗakin nan tare da ke a kowane daren jinya.

Yaya ya dawo:

Baba, na gode da wannan gyara. Na gaggauta kai ƙanwata ƙarshen labari, alhali tana zaune a tsakiyarsa, kuma ina so in gyara da bakina.

Baba, na karɓi gyara, ƙanwata ki gafarce ni,
Ɗokin kai ki fada shi ne ya ruɗe ni,
Abokan Ayuba 3 su ne suka tuna mini,
Shirunsu na kwana 7 ya fi duk abin da suka furta.

Na koma Farawa sura ta 39 na sake dubawa,
Sau 4 an ce Ubangiji yana tare da Yusufu, ga ƙirgawa,
Biyu a gidan bauta, biyu a gidan tsarewa,
Tun ba a fara zancen fada ba aka rubuta.

Na san ki a da, abu kaɗan ke ɓata miki rai,
Yau ke ce ke juya Inna, ki wanke ta, ki taje mata kai,
Bulus ya ce wa Romawa wuya tana haifar da jimiri sarai,
Jimiri ya haifi hali, hali bege, na gan su a ƙanwata.

Ƙanwa ta rufe:

Iyayena da Yaya, na karanta amsoshinku a gefen gadon Inna, waɗansu kuma na karanta mata su da murya domin ta ji. Ba duk abin da kuka faɗa ne ya riga ya zauna a zuciyata ba, amma ga inda na kai a yau.

Mama, na yarda, ku zo ranar Talata da Juma'a,
Tun watan jiya ban yi barcin awa 4 a jere ba.

Girman kai ne ya hana ni neman taimako,
Na zaci 'ya ta gari ba za ta taɓa gajiya ba.

Baba, maganar samarin Babila ta yi mini nauyi,
Na gwada faɗinta jiya, bakina bai iya ba.

Na kai "Allahna yana iya warkar da ita" na tsaya,
Rabi na biyun har yanzu bai fito ba.

Amma na karanta Zabura ta 88 har ƙarshenta,
Na ga Heman cikin duhunsa bai daina kiran Allah ba.

Na koma ta 13, wadda na buɗe waƙata da ita,
Ashe ayoyi 2 na ƙarshe ban taɓa lura da su ba.

Dauda ya dogara ga ƙaunar Allah, ya ce zai yi waƙa,
Alhali bai ce damuwarsa ta wuce ba.

Yaya, ba komai, zan koma wurin Yusufu,
Domin sura ta 39 ban taɓa karanta ta haka ba.

Da na kai wurin Iliya, Inna ta matse hannuna,
Ta ce in tashi in ci abinci, ta san ban ci ba.

Littafin karatuna na fito da shi daga akwati,
Ranar Talata zan buɗe, in barci bai ɗauke ni ba.