Na canza tsirkiyar baka saiti ya gudu, wa ya taɓa shiga irin wannan?

Baƙon Minnesota:
Salamu alaikum yan uwa, dan Allah a taimaka. Bakana irin na zamani ne mai gargare sama da ƙasa, satin da ya wuce na kai shago aka sa min sabuwar tsirkiya don tsohuwar ta fara fitar da gashi, yau na je gwaji a yadi 20 wlh kibau shida duk ƙasa ta hagu suka sauka, ɗan zoben nan na cikin tsirkiya da ake leƙawa ma ya karkace. Ga farautar barewa a nan tsakiyar Satumba ake buɗewa, hankalina ya tashi.

Maharbin Ohayo:
Wa alaikumus salam ɗan uwa, kar ka taɓa saitin tukuna! Kuskuren da na yi ke nan bara, ranar farko na hau kunce-kunce na gyara, bayan kwana uku ya sake gudu don tsirkiyar ba ta gama miƙewa ba, aiki ya dawo sabo. Sai da na yi harbi wajen ɗari a kusa-kusa ba ruwana da inda ta sauka, sannan ta zauna. Daga nan ka koma shago su murza tsirkiyar zoben ya fuskanci idonka, su duba wurin da gindin kibiya ke zama ko ya hau sama, shi ke jefa ta ƙasa. In ka zo gyara kuma bin kibiya ake yi, ta sauka hagu ka matsar da tsinken saitin (ɗan tsinken jikin baka da kake auna wurin harbi da shi) hagu, ta sauka ƙasa ka sauke shi ƙasa, kaɗan-kaɗan. Ka gama da yadi 20 kafin 30 da 40.

Jikan Sarkin Baka:
Ikon Allah, mu namu na gargajiya ba tsinke ba zobe, ido ne da hannu, amma matsalar ɗaya ce. Kakana in ya murɗa sabuwar tsirkiyar fata sai ya ɗaure ta a baka ta kwana biyu, da safe ya ja ya saki a hankali ya ƙara ɗaure ta, yana sauraron ƙararta da yatsa kamar mai gurmi. Da damina saki take yi, da hunturu ta ɗame. Ba ya shiga daji sai ya gwada a jikin kuka.

Maharbin Ohayo:
Na manta, ka gwada da kan kibiyar farautar mai kaifin ma, inda nawa ya sauka ya sha bamban da na gwaji wajen faɗin tafin hannu. Abin da nake tsoro ka ji wa dabba rauni ta gudu ta mutu a banza.

Baƙon Minnesota:
Na gode sosai Allah ya saka da alheri. Yau na yi harbi 40 a filin bayan gidana, kafaɗa ta gaji, zoben ya ɗan ƙara juyawa. Asabar zan koma shagon in sha Allah.