Wa Ya Ɗauke Mini Suna?

Maman Khalifa:
Salamu alaikum 'yan zaure. Ƙarfe ɗaya na dare ya wuce, yanzu na samu suka kwanta. Abin nan ya daɗe yana cina a rai, bari in fitar da shi a waƙa mai ƙwar biyu, wato layi bibbiyu a kowane baiti.

Ranar suna, ranar murna,
Ran nan aka ƙwace sunana.

Kowa sai "Maman wane" yake,
Ba mai tuna zaɓin Babana.

Keken ɗinkina yai tsatsa,
Wankin yara ne aikina.

Uku ne, babban bai kai shida ba,
Autar kuwa na nan bayana.

Wallahi ina ƙaunar yara,
Su ne sanyi a idanuna.

Amma ni wace ce, jama'a,
In na ajiye su a gefena?

Ɗan Zazzau:
Ke 'yar Kano, sannu da kuka,
An ba ki sarauta kin ce kaya.

Ummu Salama sunanta Hindu,
Alkunyar ce ta cika duniya.

Wata na can shekara goma,
Tana roƙon ko ɗa guda ɗaya.

Ki yi godiya, ki bar ta tsatsa,
Keke bai kai goyon baya.

Uwar Biyu:
Ɗan Zazzau, koma ka karanta baiti na biyar. Ina ta ce ba ta son 'ya'yanta? Da mace ta buɗe baki sai ku jefo mata "ki gode Allah".

Maman Khalifa:
Ɗan Zazzau, na gode Allah,
Ba sai na koya a bakinka.

Kai ka fice tun kafin hantsi,
Ofis na kiran ka da sunanka.

Majalisa, mai shayi, ƙwallo,
Kowa ya san ka da fuskarka.

Ƙarfe biyu in yaro ya tsala,
Minshari ne gudummawarka.

Rana ɗaya ɗaura majanyi,
Sannan ka zo mu ji waƙarka.

Na Dala:
Kano ta Dabo, ko da me ka zo an fi ka! Tumbin giwa ta taka Bazazzagi. A kawo masa ruwa.

Jikan Amina:
Na Dala, yi a hankali. Kanawa ciniki kuka iya, karatu kuwa sai kun hau motar Zariya. Bari ɗan gidanmu ya gyara zama.

Ɗan Zazzau:
Hajiya, ɗaga kai saman waƙarki,
Wa ya rubuta "Maman Khalifa"?

Ba ni na laƙaba miki shi ba,
Da hannunki kika dasa kika kafa.

Kin jefa suna cikin tukunya,
Kina ta cigiya a bakin ƙofa.

Jikan Amina:
Allahu akbar! Wannan ita ce waƙa. Na Dala, ina ruwan naka? Sha da kanka.

Maman Khalifa:
Wannan ta shige ni, Ɗan Zazzau, ba zan musa ba. Ranar da na shigo zauren nan haka hannuna ya rubuta, ko tunani ban yi ba. Ka ga kuwa abin da nake kuka a kai ke nan.

Malam Mai Aruli:
Ku yi mini uzuri, ba zan iya wucewa ba. Waƙar farko ta hau karin Mutadarak daram, ɗaya daga ma'aunan waƙa na aruli, ƙafa huɗu (rukunin gaɓoɓi) a kowane ɗango, wato layi. Ku auna: "U-ku-ne / bab-ban / bai-kai / shi-da-ba". Wanda zai amsa wa mutum, a kan karinsa ya kamata ya amsa. Ɗan Zazzau kuwa tun ɗangon farko ya yi tuntuɓe. A "Ke 'yar Kano", gaɓar "Ka" marar nauyi ce, ta zo ita kaɗai, alhali wannan kari yana son su zo bibbiyu. Amsa-amo ya yi kyau, ma'auni ya karye.

Jikan Amina:
Malam, son kai ne. "Aka ƙwace sunana" fa? Ai "ce" ɗin nan gajere ne tunda suna ya biyo bayansa. Don Bakanuwa ce ka rufe ido?

Malam Mai Aruli:
Mawaƙi yana da izinin jan wasali idan lalura ta kama, amma hakan bai ba shi izinin rushe ƙafa sukutum ba. Ni kuma ba Bakano ba ne. Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara karuruwa 15, almajirinsa Ahfash ya ƙara Mutadarak ya zama na 16. Ba ni na ƙirƙiro ba.

Uwar Biyu:
Kakanninmu da ke waƙar niƙa da ta daɓe, da mai lallashin ɗa a baya, wace ce ta san Basra? Dutsen niƙa ne ma'auninsu, kuma bai taɓa karyewa ba.

Malam Mai Aruli:
Waƙar baka daban, rubutacciya daban. Kiɗa ke riƙe waccan. Wannan ba ta da kalangu, sai gaɓa.

Ɗan Zazzau:
Malam mai sikeli da mudu,
Kullum awo, ba ka taɓa shuka.

Kawo baitinka guda mu gani,
Ko mu ma mu ƙirga haƙoranka.

Na Dala:
An kayar da shi a gaban mace, ya koma kan Malam.

Uwar Biyu:
Ku dubi ikon Allah. Baiwar Allah ta zo da kukanta, maza sun mayar da shi gardamar wasali. Ko a nan ma an manta da ita.

Gwaggo Mai Ƙuli:
Jikata ce ke rubuta mini, ni baki nake faɗa. Malam ka ajiye mudunka, ban san shi ba.

'Yata, tara na haifa a ɗakina,
Malam bai taɓa furta sunana.

Amma daga bakin kasuwa har tasha,
Kowa ya san ƙuli-ƙulin hannuna.

Na fari na je goyon ciki gida,
Kwana arba'in Inna ke wankana.

Ruwan zafi da ganye, kunun kanwa,
Ban ɗaga tsinke ba sai goyona.

Gidanmu gandu ne, mata takwas,
In ina tuya wata ta karɓi yarona.

Ku kun rufe ƙofa ku biyu rak,
Dole ki nemi kanki ki rasa, ɗiyar ƙanena.

Ba suna ne ya ɓace miki ba, hannuwa ne suka yi miki kaɗan. Da kuɗin ƙuli na yi adashi, na sayi akuya, na yi wa 'ya'yana mata kayan ɗaki. Keken nan naki kar ki bari ya mutu.

Maman Khalifa:
Gwaggo, kin sa ni hawaye. Ciki da falo muke haya, Innata tana wani gari, tafiyar awa biyar. A haihuwar autar nan kwana goma ta yi mini ta koma, don ita ma tana da marar lafiya a gida. Maƙwabciyata ko sunanta ban sani ba, ita ma Maman wance nake ce mata.

Malama 'Yar Sakkwato:
Na makara, sai yanzu na tashi daga aji. Ɗan Zazzau ya yi gaskiya a rabi: alkunya girmamawa ce, Nana A'isha ma an yi mata Ummu Abdullahi da sunan ɗan yayarta Asma'u. Amma ba ta shafe sunanta ba, duk hadisin da ta ruwaito "daga A'isha" ake cewa. Suratul Ahzab aya ta 5 ta ce a kira mutane da sunan iyayensu maza, shi ya sa aure ba ya canja wa mace nasaba. Ga kuma ta gida, Nana Asma'u 'yar Shehu, da aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, wadda ta naɗa jaji, wato malamai mata, su karantar da matan da ake kira 'Yan Taru:

Nana ta yi goyo, ta riƙe alƙalami,
Gidan Waziri Giɗaɗo ta zauna.

Larabci, Fulatanci, Hausa,
Duka ta yi waƙa ba ta daina.

Ta naɗa jaji ta ba su malfa,
'Yan Taru suka ratsa lunguna.

Yau wa ke ce mata Maman wane?
Makarantu ma da ita suke suna.

Jikan Amina:
Malama, an gaishe ki. Amma baitin ƙarshe ya ɗingisa, Malam Mai Aruli ina kake? Ko Sakkwatawa ma ba a taɓa su?

Malam Mai Aruli:
Ya ɗingisa. Na faɗa, kowa ya ji.

Baban Tagwaye:
Kwana biyu ina karanta ku ban ce komai ba. Ni ba mawaƙi ba ne, Adaidaita Sahu nake ja, ku yi haƙuri da abin da ya samu.

Izu arba'in na haddace da ƙuruciya,
Yau tilawa ta gagare ni da dare.

Madara, magani, kuɗin makaranta,
Su nake bi tun safe har rana ta ƙare.

Ni ma "Baban tagwaye" nake a layi,
Abokan allo duk mun watse, ba ma tare.

Jiya na kira uwarsu da sunanta,
Ta juyo a firgice, ludayi a hannu, ta tsare.

Ta tsare ni da ido, nake nufi, baitin bai ɗauka ba. Ta ce, "Lafiya?" Na ce lafiya lau. Sai ta yi dariya, daga baya na ga tana share ido da gefen zani. Shekara huɗu ke nan rabon da in kira ta haka. Ranar Juma'a na ce zan riƙe yaran daga la'asar zuwa magariba, ta je Islamiyyar da ta bari.

Ɗan Zazzau:
Baban Tagwaye, ka fi ni. Ba ni da baiti a kan wannan. Jiya ni na tashi ƙarfe biyun, kuma na ji a jikina.

Na Dala:
A rubuta, Zazzau ta miƙa wuya!

Jikan Amina:
Ga mai gaskiya aka miƙa, ba ga Kano ba.

Gwaggo Mai Ƙuli:
Ku bar surutu. 'Yata, duk wannan doguwar magana har yanzu ba ki faɗa mana ba. Wane suna Babanki ya zaɓa miki?

Zainab Mai Ɗinki:
Sunana Zainab, Gwaggona,
Na goge tsatsar kekena.

Na yanka atamfa tun asuba,

Autar ta farka, zan dawo in cike.

Malam Mai Aruli:
Saura ɗango ɗaya, Malama Zainab. Na farkon biyu sun hau daram. Muna jira.

Uwar Biyu:
Zainab, riga da siket na yara nawa kike ɗinkawa? Ina da biyu, 'yan shekara huɗu, kafin Sallah nake so.